Yadda za ka tsara karatun littattafanka na shekara, ka kuma riƙa bin sawunshi

Duk farkon shekara sai ka ga an cika status da hoton littattafai an jera, ana rubuta bana in sha Allahu sai na karanta 50, wani ma ya ce 100, to kafin a shiga watan Maris shiru kake ji, littattafan na nan saman durowa ƙurar hunturu ta gama rufe su. Ni dai a ganina ba lalaci ba ne ke kawo haka, lissafin ne tun farko ba a yi shi daidai ba, mutum ya ɗauko lamba daga sama bai duba lokacin da yake da shi ba, bai duba aljihunshi ba, bai ma san shafi nawa yake iya karantawa kafin barci ya kwashe shi ba.

Abu na farko, ka daina ƙirga littafi, ka koma ƙirga shafi. Dalili kau shi ne littafi suna ya tara. Ruwan Bagaja da Abubakar Imam ya rubuta yana malamin Midil a nan Katsina, lokacin gasar rubutu ta 1933, a zama ɗaya ko biyu ka gama shi. Littafin Dakta Yusufu Bala Usman na tarihin ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883 kuwa da turanci yake, turancin ma na jami'a, sai ka yi wata biyu kana fama kana komawa baya kana duba taswira. To in ka ce kowanne ɗaya ne a lissafi ai ka zalunci na biyun, kuma abin da zai biyo baya shi ne ka fara gudun manyan littattafai kana neman 'yan ƙanana don lambarka ta cika. Magana Jari Ce ma kashi 3 ne, ɗaya za ka ƙirga ko 3? Ka ga rigimar da ba ta da amfani. Shafi kuwa shafi ne.

Kuma wannan lissafin ba baƙo ba ne wurinmu, kowa ya san shi a azumi. Alƙur'ani bugun Madina shafi 604 ne, juzu'i 30, kowane juzu'i kusan shafi 20, in ka karanta shafi 4 bayan kowace salla ka yi juzu'i ɗaya a rana wato izu 2, wata na ƙarewa ka sauke. Mutumin da ke yin wannan duk shekara ba fashi shi ne kuma zai ce maka ba ya da lokacin karanta littafi mai shafi 150. Yana da shi, tsarin ne bai ɗauko ba.

Kafin ka yanke adadi ka gwada kanka na sati ɗaya tukuna. Ɗauki littafin da kake so, ka sa agogon waya minti 20, ka karanta yadda ka saba ba gaggawa, in ya buga ka duba shafi nawa ka ci. Ka yi haka da na Hausa, ka yi da na turanci, in kana karanta larabci ko ajami shi ma ka gwada daban don saurin ba ɗaya ba ne ko kusa. A ce ka samu shafi 10. To kada ka buga shi sau 365, wannan shi ne tarkon. Cire watan azumi in ka san karatunka na lokacin na Alƙur'ani ne da zuwa tafsiri, cire satin ƙaramar salla da na babba don tsakanin ɗinki da yawon barka da salla da kallon hawa ba abin da za ka buɗe, cire kwanakin biki da zaman makoki da zazzaɓin damina da ba ya sallama. Abin da zai rage bai fi kwana 300 ba, sau 10 ya ba ka shafi 3000, in littattafan masu shafi 200 ne ka ga 15 ke nan a shekara, kuma wallahi wanda ya karanta littafi 15 da hankalinshi a jiki ya yi nisa. In manomi ne kai ko kana taya baba aiki a gona daga Yuni zuwa kaka sai ka ƙara ragewa, in ɗaliba ce ke a Jami'ar Umaru Musa Yar'adua ko Al-Qalam ko Poli ki cire makonnin jarabawa gaba ɗaya, handawut ba ya cikin wannan lissafin, wancan dole ne wannan kuwa naki ne.

Wace shekarar za ka bi, ta turawa ko ta Musulunci, wannan ya rage naka. Wasu sun fi son farawa daga Muharram, wasu ma daga bayan ƙaramar salla don lokacin jiki ya saba da tsari. Ka dai tuna shekarar Musulunci ta gaza ta turawa da kwana 10 zuwa 11, shi ya sa azumi ke matsowa baya duk shekara, saboda haka tsarin bara ba lallai ya zauna ma bana daidai ba, sai ka ɗauko kalanda ka duba inda azumi ya faɗo kafin ka raba watanni.

Sai maganar lokaci, kuma nan ne yawanci ake faɗuwa. Kada ka ce zan riƙa karatu in na samu sarari, sarari ba ya zuwa da kanshi. Ka ɗaura karatun jikin wani abu da dama kullum kana yin shi. Bayan asuba kafin gari ya waye sosai shi ya fi, kai a sake, yara ba su tashi ba, waya ba ta fara ƙara ba. Mai shago yana da tsakanin azahar da la'asar lokacin da kasuwa ke mutuwa, musamman watannin zafi Maris da Afrilu da Mayu da ko kare ba ya son fita. Ma'aikaci na da zaman jiran oga. Uwar gida kuma ita ta san lokacinta, galibi in an tura yara islamiyya an ɗora sanwar dare kafin a fara tuƙi. Na dare bayan isha'i ni ban cika yarda da shi ba, ga gajiya ga ba wuta ga sauro, shafi 2 littafin ya faɗo maka a fuska, amma in kai ɗan dare ne to bismilla ka nemi 'yar fitila mai caji. Wanda ya ce shi sam ba ya da minti 20, ya shiga saitin wayarshi in Android ce ya nemo Digital Wellbeing, zai nuna mashi awa nawa ya ba TikTok jiya, daga nan sai a ci gaba da magana.

Wajen zaɓen littattafan ma kada ka cika jerin tun ranar farko. Ka rubuta kamar rabi ka bar sauran a buɗe, don cikin shekara za ka ji labarin wani littafi a rediyo ko wurin aboki ranka ya biya. Kuma ka fara da mai sauƙi. Malamanmu na zaure sun daɗe da gane wannan, ba wanda ake miƙa ma Askari, babban littafin fiƙihun nan, ranar da ya fara ɗaukar karatu, daga Ahalari ake tasowa a bi ta Ishmawi da Iziyya a zo Risala, kowanne na share ma na gaba hanya. To kai ma watan farko ka ɗauki labari mai daɗi wanda zai ja ka, sai jiki ya saba da zaman sannan ka shigo da tarihi ko littafin sana'arka. Ina ba da shawarar ka riƙa tafiya da biyu lokaci ɗaya, mai nauyi da safe mai sauƙi da yamma, fiye da biyu kuma ya zama tarwatsa kai. Littafin addini irin na fiƙihu dai ka san ba a yi mashi karatun jarida, wannan gaban malami ake kai shi, sai dai ka sa shi cikin burinka a matsayin darasi nawa za ka ɗauka a sati.

Novel ɗin da ake turowa a guruf na WhatsApp ko ake karantawa a Wattpad fa, ya shiga lissafi? Ya shiga mana, karatu ne, kuma 'yan uwa mata da yawa ta nan suka riƙe karatun Hausa da tuni ya kuɓuce masu. Abin da zan ce kawai kada ya cinye jerin duka, ki ware mashi kasonshi. Tunda shi ba ya da shafi tsayayye sai ki ƙirga da minti. Wanda ke karatu a waya kuma ya kashe data kafin ya buɗe, in ba haka ba saƙo ɗaya zai shigo ka ce bari in duba, sai ka farka ka ganka cikin rigimar siyasa a Facebook an yi awa guda. Batun kuɗɗi kau, littafi ya yi tsada yanzu ba ƙarya, to ba dole sai ka saya duka ba, akwai laburaren jiha, ɗalibai na da na makarantarsu, akwai masu shimfiɗa tsofaffin littattafai bakin masallacin Juma'a da cikin kasuwa, sannan ku haɗu ku 4 ko 5 kowa ya sayi ɗaya ku riƙa musaya.

Yanzu bin sawu. Nemi ɗan littafin rubutu irin na 'yan firamare mai shafi 40, ba sai mai tsada ba. Ka buɗe tsakiya ka ja layi da rula gida 4, kwanan wata, sunan littafi, shafin da ka tsaya, sai gida na ƙarshe ka bar shi da faɗi don nan za ka rubuta layi ɗaya na abin da ya tsaya maka a rai ranar, ko da tambaya ce ko ma ka rubuta ban gane ba. Ranar da ba ka yi karatu ba kada ka tsallake, ka rubuta kwanan watan ka ja ɗan layi a gabanshi. Waɗannan 'yan layukan su ne za su gaya maka gaskiya daga baya, don za ka buɗe ka ga ashe duk ranar Laraba fayau take, ka tuna ai ranar ce kake zuwa cin kasuwa ka dawo a gajiye, to ka ga sai ka cire Laraba daga lissafi ka huta da jin haushin kanka. Akwai manhajoji irin su Goodreads da ke yin wannan aikin, sai dai littattafanmu na Hausa da yawa ba za ka same su ciki ba, kuma shi ma adadin littafi yake ƙirgawa.

Duk Juma'a ka ɗan leƙa na minti 2 ka haɗa shafukan sati. Babban zama kuwa duk bayan wata 3 ne, ka zauna da shayinka ka tara jimla ka gwada da abin da ka yi niyya. In ka yi niyyar 750 ka samu 700 ba komai ci gaba. In 300 ka samu to akwai magana, kuma maganar ba ta ƙara ƙoƙari ba ce, tambaya za ka yi, lokacin ne bai dace ba ko littafin ne ya ƙi shiga. In lokaci ne ka canza shi. In littafin ne, ka ba shi shafi 50, bai kama ka ba ka ajiye ka ɗauki wani, ka rubuta dalili a gidan ƙarshe, wataƙila baɗi ka dawo ka ji daɗinshi. Abin da ba na so shi ne mutum ya ce zai rama, wai tunda ana bin shi shafi 450 daga gobe zai riƙa yin 25 a rana. Ba azumi ba ne balle a ce sai ka rama, wanda ya wuce ya wuce, ka rage burin ya dawo daidai ƙarfinka ka tashi daga inda kake. Kwana 3 ake yi ana ramuwar nan a watsar da komai.

A wannan zaman ne kuma za ka gwada ko karatun na zama. Ka rufe littafin da ka gama ka samu wani, ƙanenka ko matarka ko abokin hira a majalisa, ka ba shi labarin abin da ke ciki da bakinka. In ka ji kana kame-kame to gudu ka yi, sai ka rage shafukan rana ka ƙara natsuwa. In ka samu dattijon da ya san fannin ma ya fi, ka je ka gaishe shi ka ce Baba na karanta kaza game da Gobarau ko Wali Ɗan Marina amma ga inda ban gane ba, abin da zai ƙara maka a zama ɗaya wani lokacin ya fi babin duka, kuma yana iya tashi ya shiga ciki ya ɗauko maka wani littafin da ba ka taɓa jin sunanshi ba.

Ƙarshen shekara ka ɗauko ɗan littafin nan ka bi gidan ƙarshe daga farko, ka sa alama a littattafai 2 ko 3 da suka canza maka wani abu a aiki ko a tunani, su za su nuna maka fannin da za ka ƙara ma kaso baɗi. Adadin baɗi kuma daga ainihin jimlar bana za ka ɗauko shi ka ɗora kaɗan a kai, in ka yi 2000 ka sa 2300, ka manta da lambar da ka rubuta a status. Shafin bayan littafin kuma ka ware shi don aro, sunan wanda ya karɓa da ranar da ya karɓa, don a garin nan in ba ka rubuta ba sai dai ka ga littafinka a ɗakin wani an rubuta sunan wani daban a bango.