Kar a shafa fenti inda ƙarfe ke ɗaukar nauyi

'Yan uwa masu tirela, farantin nan da bodi ke zama a kansa, kar ku yi masa fenti don gudun tsatsa. Ku kankare shi da buroshin waya, ku goge ya bushe, sannan ku shafa baƙin giris mai moli, wato wani sinadari mai santsi da ake haɗawa cikin giris.

Fenti ba ya jure nauyi da guga. Yana tsagewa, ruwa ya shige ƙarƙashinsa, tsatsa ta yi ta ci ba ku gani. Shi kuwa moli yana manne wa ƙarfe ko da nauyi ya matse giris ya fita. Fentin ku bar wa gefe da ƙasan farantin.

Amma fa lokacin hunturu ƙura na cakuɗa da giris ta riƙa cin ƙarfen. Sai an share tsohon kafin a sa sabo. Kuma kar a zuba shi cikin boris na taya, wannan nasa giris daban ne.