Ga masu ɗora bidiyon karatu: a tuna da makafi, kurame da yara

Assalamu alaikum. Malamanmu na boko da na Islamiyya a nan Sakkwato, da masu kula da shafukan makarantu, ga 'yar shawara.

In har yanzu akwai wasan koyon baƙaƙe ko bidiyon da aka yi da Flash (tsohuwar manhajar kunna bidiyo da wasanni a intanet) a shafinku, ku cire shi. Kamfanin Adobe, mai Flash ɗin, ya daina kula da shi tun 31 ga Disamba 2020, Chrome da Firefox ma ba sa buɗe shi. Ko lokacin da yake tashe, manhajar da ke karanta wa makafi allo, irin su NVDA a kwamfuta, ta kan yi tuntuɓe da maɓallan cikinsa marasa suna. Bidiyon kuwa, ku mayar da shi MP4.

Wajen ɗaukar bidiyon kuma, Malam, kada ka nuna allo ka ce "ku dubi wannan". Makaho me zai duba? Ka ce "ga Ba, mai ɗigo ɗaya a ƙasa". Kurma kuwa sai an rubuta masa abin da ake faɗa a ƙasan bidiyon, ko a taƙaita a saƙon da ke tare da shi a WhatsApp.

Na yara, maɓalli ya zama babba, sauti kada ya tashi da kansa. Hoto mai walƙiya fiye da sau 3 a daƙiƙa yana iya tayar wa mai farfaɗiya ciwonsa, a guje shi.

Kafin ka tura, kunna TalkBack, manhajar da ke karanta wa makafi allo, a wayarka ta Android, ka rufe ido, ka gwada buɗe darasin da kanka.