Yadda ake farfaɗo da tsohuwar kwamfuta da Linux Mint, har ta koyi rubuta ƙ da ɗ

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 da kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta, masu tsofaffin kwamfutoci a nan Garwa suke ta tambayar abu guda: shin sai an sayi wata? Windows 11 tana da sharuɗɗa. Tana son wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel kusan sai injin zubi na 8 zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa a 2017. Galibin na hannun da ke yawo tsakanin Garwa da Marwa da Kusiri sun girmi wannan. Ba su mutu ba, nauyi ne ya yi musu yawa. Ta ƙanena da ke karatu a jami'ar Ngaundare tana da RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki, giga 4, kuma kafin ta gama buɗewa sai ka ɗora shayi ya tafasa. Abin da na yi mata shi zan zayyana a nan.

Kafin komai, ka san aikin da kake yi da ita. In sana'arka buga katin biki da kalanda ce da CorelDRAW ko Photoshop, tsaya a kan Windows ɗinka, domin waɗannan ba sa aiki kai tsaye a Linux, tsarin aikin da za mu sa a madadin Windows. Akwai GIMP da Inkscape masu yin irin aikinsu, amma mai sauri da kwastoma a tsaye a kansa ba shi da lokacin koyon sabon hannu. In kuwa rubutu ne da karatu da intanet da kallo, ci gaba da karantawa.

Fara da jiki, kafin manhaja

Kwamfutar da ta sha hunturu biyar ba a buɗe ta ba, cikinta ya zama rumbun ƙura. Kashe ta, cire caja da batir in yana cirewa, kwance murfin ƙasa, ka share fanka da ramukan iska da busasshen buroshin haƙori. Riƙe fankar da yatsa yayin da kake hurawa. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, injin da bai samu iska ba da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone, mai shi kuma ya ɗora laifin a kan Windows. Kuma a daina ɗora ta a kan katifa.

In aljihu zai iya ɗaukar abu ɗaya kacal, sayi SSD, faifan ajiya marar juyawa, ka maye gurbin tsohon faifai mai juyawa. Babu gyaran da ya kai wannan tasiri. Tsohon faifan kuma kada ka yar, sa shi a ɗan akwatin USB ya zama ma'ajiya. Wannan dabarar tana da wata riba: Windows ɗinka tana nan a kansa yadda take, in Linux ba ta yi maka ba sai ka mayar.

Kwashe kayanka. Hotuna, takardun makaranta, karatuttukan malamai, duk ka kwafe su zuwa wani wuri, sannan ka buɗe biyu ko uku a can ka tabbatar sun kwafu. Kalmomin sirrin da burauza ta riƙe maka shekaru, waɗanda kai kanka ka manta, rubuta su a takarda.

Saukewa da shirya kile

Linux iri-iri ce. Na zaɓi Linux Mint, wadda wani Bafaranshe, Clément Lefèbvre, ya fara a 2006, saboda fuskarta ta yi kama da Windows 7: maɓallin menu a ƙasa ta hagu, agogo ta dama. Tana zuwa da fuska uku, Cinnamon da MATE da Xfce. Ga tsohuwar na'ura ɗauki Xfce, ita ce mafi sauƙin nauyi. Jerin Mint 22, wanda ya fara fitowa a Yulin 2024, zai ci gaba da samun gyara har 2029. Tana tashi da RAM giga 2, amma da 4 ne ake jin daɗinta. Injin kuma dole ya zama mai bit 64. In taka mai bit 32 ce, nemi antiX, ita har yanzu tana kula da irin waɗannan dattawa.

Fayil ɗin Mint da za ka sauke ya kusa giga 3, don haka kada ka ja shi da datar rana. Jira garaɓasar dare a layinka, Orange ne ko MTN, ko Airtel da Moov ga mutanen Injamena, ko kuma ku haɗa kuɗi ku uku ku sauke sau ɗaya. Daga shafin linuxmint.com kaɗai za ka ɗauko. In intanet na yawan yankewa, bi ta torrent da ke shafin, domin yana ci gaba daga inda ya tsaya kuma yana tantance abin da ya sauko.

Sai kile, wato filas, mai giga 8. Manhajar Rufus za ta rubuta fayil ɗin a kansa, amma ni na fi son Ventoy: sau ɗaya ake girka shi a kile, daga nan sai dai ka riƙa jefa fayilolin tsarin aiki a ciki kamar waƙoƙi, ka zaɓi wanda kake so wajen kunnawa. Dukansu biyu suna goge abin da ke kan kilen da farko, a kula.

Gwaji kafin aure

Soka kilen, kunna kwamfutar, ka yi ta danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi. A HP F9 ne, a Dell da yawancin Lenovo F12, a Asus Esc. Zaɓi kilen. Mint za ta buɗe gaba ɗayanta ba tare da ta taɓa faifanka ba, kuma a nan ne mutane suke gaggawa su yi kuskure. Zauna da ita rabin awa. Haɗa Wi-Fi, kunna sauti, gwada kyamara, ƙara hasken allo ka rage, soka firinta in kana da ita ka buga shafi guda. Za ta ɗan yi jinkiri tunda daga kile take gudu, wannan ba komai ba ne.

In Wi-Fi bai bayyana ba, sau da yawa katin Broadcom ne mai buƙatar direba na daban, wato manhajar da ke tafiyar da katin. Haɗa wayarka da igiyar USB, kunna raba intanet ta USB a wayar, ka buɗe manhajar direbobi, wadda a Faransanci aka rubuta Gestionnaire de pilotes, ta nemo maka. Bayan girkawa ma haka za ka sake yi.

Girkawa

Kada ka fara sai batir ya cika. In batirin ya mutu, kwamfutar da wutar gari kaɗai take rayuwa, to zaɓi lokacin da ka san wuta ta fi zama a unguwarku, ko ka je wurin mai sola. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar raba faifai ita ce hanya mafi sauri ta rasa komai.

Danna alamar girkawa da ke kan allo. Harshe: Faransanci ko Ingilishi, har Larabci akwai ga wanda ya fi sakewa da shi. Sai tambayar kibod, wadda a yankinmu ba ƙaramar tambaya ba ce. Kwamfutocin da suka zo daga Faransa AZERTY ne, waɗanda suka shigo ta Mubi ko Yola galibi QWERTY ne, jefi-jefi kuma ka ci karo da QWERTZ ta Jamus. Dubi haruffa shida na farko a layin sama na haruffa, su ne sunan kibod ɗinka. Akwai ɗan fili a ƙasa don gwaji, rubuta a da q da m da lambobi ka ga ko abin da ka danna shi ke fitowa. Wanda ya yi sakaci a nan zai saka kalmar sirri da wani tsari, gobe ya zo shiga ta ƙi shi.

Sa alama a akwatin kodek na sauti da bidiyo in kana da intanet a lokacin. Daga nan za a tambaye ka: a goge faifan duka, ko a zauna tare da Windows? In sabon SSD ne, goge duka. In kana son biyun, zaɓi zama tare, ka ba Mint aƙalla giga 50, duk da cewa 20 ma na isarta ta tashi. Wajen agogo zaɓi Douala ko Ndjamena, lokacinsu ɗaya. Cikin kwata zuwa rabin awa an gama, ta ce ka zare kile.

Ranar farko

Buɗe Timeshift ka ɗauki hoton tsarin tun yana lafiya. Duk ranar da ƙwaƙule-ƙwaƙulenka suka ɓata wani abu, da shi za ka koma jiya. Sai sabuntawa, ita ma da dare.

A shagon manhajoji za ka ga wasu an rubuta musu Flatpak. Guje su in akwai na tsarin, domin na farkon da za ka girka yakan jawo ɗaruruwan mega na kayan tallafi. Firefox da LibreOffice suna nan tun asali. Ƙara VLC, sannan ka sa wa Firefox uBlock Origin, wanda ke tare tallace-tallace, shafuka su yi sauƙi data ta yi auki.

Takardar Word da aka turo maka tana iya buɗewa a karkace saboda babu Calibri da Cambria. Maganin shi ne Carlito da Caladea, waɗanda aka auna faɗin haruffansu daidai da waɗancan. Danna Ctrl da Alt da T, tagar umarni ta buɗe, ka rubuta:

sudo apt install fonts-crosextra-carlito fonts-crosextra-caladea fonts-sil-andika fonts-sil-alkalami

Yayin da kake buga kalmar sirri ba lallai ka ga haruffa ba, ci gaba kawai. Andika tana fitar da haruffanmu masu lanƙwasa tsaf, Alkalami kuwa an zana ta ne a kan salon rubutun ajami na Kano, irin na allo.

Haruffa masu ƙugiya

Nan ne na fi daɗewa, domin abin yana ci mini tuwo a ƙwarya in ga an rubuta kasa ana nufin ƙasa, ko a bar mai karatu yana laluben ko bari ake nufi ko ɓari. Linux tana da tsarin kibod na Hausa ta Najeriya, tana kuma da na harsunan Kamaru a AZERTY da QWERTY. Amma sauya tsari yana motsa wasu alamomi daga inda yatsunka suka saba. Na fi son in bar kibod yadda yake, in koya masa haruffa takwas.

Shiga saitin kibod, shafin tsari, cire alamar bin saitin asali, ka zaɓi maɓallin haɗa haruffa, wanda ake kira Compose. Ɗauki Ctrl na dama. Kada ka ba da Alt na dama in AZERTY gare ka, da shi ake fitar da @. Sannan a tagar umarni rubuta xed .XCompose, da ɗigon a gaba da manyan X da C, fayil ya buɗe, ka zuba wannan:

include "%L"
<Multi_key> <h> <k> : "ƙ"
<Multi_key> <h> <K> : "Ƙ"
<Multi_key> <h> <d> : "ɗ"
<Multi_key> <h> <D> : "Ɗ"
<Multi_key> <h> <b> : "ɓ"
<Multi_key> <h> <B> : "Ɓ"
<Multi_key> <h> <y> : "ƴ"
<Multi_key> <h> <Y> : "Ƴ"

Layin farko kada a bar shi, shi ke riƙe da ê da ï na Faransanci. Za ka ce, to ta ina zan samo ƙ ɗin da zan sa a fayil ɗin tun farko? Danna Ctrl da Shift da U tare, saki, buga lambar harafin, sai Enter. Ƙaramin ƙ 0199 ne, babba 0198. Ƙaramin ɗ 0257, babba 018A. Ƙaramin ɓ 0253, babba 0181. Ƙaramin ƴ 01B4, babba 01B3. Mai rubuta Fulatanci, kuma a Garwa wa bai taɓa ba, ya ƙara layi na ŋ da lamba 014B. Adana, fita daga asusunka ka sake shiga. Yanzu Ctrl na dama, sai h, sai k, ɗaya bayan ɗaya ba tare ba, ƙ ta fito. H ɗin ta Hausa ce, don kada a manta.

Masu AZERTY, ga wani abin da zai ba ku mamaki. A Windows kun saba danna Caps Lock ku buga lambobi. A Linux ba haka ba ne, in kun danna Caps Lock da é, É zai ba ku. Lamba sai da Shift.

Kwalliya

Sauran wasa ne, kuma shi ya sa wasunmu ke kwana a gaban allo. Danna dama a kan sandar ƙasa ka shiga saitinta: ƙara mata kauri in ido ya fara gajiya, ko ka mai da ita gefen hagu, tunda allon laftof faɗi gare shi ba tsawo ba. Jawo manhajoji huɗu da ka fi buɗewa ka liƙa a kanta. A saitin kamanni zaɓi Mint-Y-Dark in kana karatun dare. In tagogi suna jan ƙafa wajen motsi, kashe inuwa da sheƙi a saitin tagogi, sannan ka duba jerin abubuwan da ke tashi tare da kwamfutar ka cire Bluetooth in ba ka amfani da shi.

Akwai ƙaramar manhaja, xfce4-sensors-plugin, da ke nuna zafin inji a kan sandar. A bazara in na ga lambar ta haura 85 ina aikin rubutu kawai, na san lokacin buroshi ya yi.

Ƙanena ya sa hoton dutsen Rumsiki a bango, ya mai da sandarsa sama, ya canza launin folda zuwa ruwan ƙasa. Da ya dawo hutu na karɓa in duba, na tarar ya ƙara layuka a fayil ɗin nan na .XCompose har goma sha biyu, ciki da wanda in ya danna h da s yake rubuta masa cikakkiyar sallama a farkon wasiƙa.