Yadda za ka zaɓa tsakanin ja-ka-ajiye da rubuta kodin in kai sabon shiga ne a gina shafin intanet

Duk wanda ya fara sha'awar gina shafin intanet sai ya faɗa cikin wannan musun, wasu su ce maka ai in ba ka iya kodin ba, wato rubuta wa kwamfuta umarni da hannunka, wasa kake, wasu kuma su ce ɓata lokaci ne malam, ga Wix ga WordPress, ka ja hoto ka ajiye ka rubuta sunan shagonka shikenan an gama. Kowa da tasa gaskiyar, sai dai ba mai tsayawa ya tambaye ka kai ɗin me kake nema. Toh daga nan za mu fara.

Mataki na 1: shafi kake so ko sana'a?

Wannan tambayar ita ce rabin aikin wallahi. In riga kake so ta sallah ai ba sai ka koyi ɗinki ba, ka je ka sayi ɗinkakka ko ka kai wa tela, amma in so kake ka zama telan toh dole ka zauna gaban keke allura ta soke ka. Haka abin yake a nan. Mai sayar da turaren wuta ko atamfa da ke son mutane su ga kayanta da farashi da lambar WhatsApp, ba ruwanta da kodin, manhajar ja-ka-ajiye ta ishe ta. Wanda kuma burinsa nan da shekara ɗaya ko biyu a riƙa biyansa yana gina wa mutane shafuka, ko ya nemi aiki a kamfani, shi kam ba makawa sai ya koyi kodin. Ka ba kanka amsa tsakani da Allah, kar ka ce duka biyun kake so, kowa ma duka biyun yake so.

Mataki na 2: san su waye a filin

Ɓangaren ja-ka-ajiye, wato inda abin da kake gani a allo shi ne abin da zai fito, akwai Blogger da Google Sites waɗanda kyauta ne, Blogger ma tun 1999 yake, Google ya saye shi a 2003, kuma da yawa cikin masu shafukan labarai da littattafan Hausa da shi suka fara. Akwai Wix da aka kafa a Isra'ila a 2006, yana da tsarin kyauta amma zai manna maka tallarsa kuma sunansa zai fito a adireshinka. Squarespace shi ba ya da tsarin kyauta na dindindin, gwaji ne na ɗan lokaci sai biya. Webflow kuma yaudara ce in ka ɗauke shi na 'yan koyo, da ido ake aiki da shi amma in ba ka san yadda CSS, wato kodin ɗin da ke yi wa shafi ado, ke tafiya ba kanka zai juye.

Sai uban tafiya WordPress, wanda Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar a 2003, yanzu sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kansa suke. Shi yana tsakiya ne, ba ja-ka-ajiye zalla ba kuma ba kodin zalla ba. Tun Disambar 2018 ya zo da editan da ake jera shafi tubali-tubali mai suna Gutenberg, wasu kuma su ɗora masa Elementor, wata ƙarin manhaja ta ja-ka-ajiye. Ka kula fa, WordPress biyu ne, akwai wordpress.com da suke riƙe maka komai, akwai wordpress.org inda za ka sauke manhajar kyauta ka nemi hostin da kanka, wato wurin da za a ajiye maka shafin a intanet. Mutane da yawa a nan suke rikicewa.

Ɓangaren kodin abu uku ne a farko: HTML shi ne ginin, CSS shi ne fenti da ado, JavaScript shi ke sa abubuwa motsi. Inda ake rubutawa kuma VS Code na Microsoft, kyauta ne.

Mataki na 3: duba aljihunka, na'urarka da netwok ɗin unguwarku

Nan ne masu koyarwa na YouTube daga Amurka ba sa taɓowa don su ba matsalarsu ba ce. Editan Wix da Elementor a cikin burauza suke aiki, suna da nauyi, suna shan data, kuma in netwok na rawa sai ka ja hoto ka tsaya kallon abu na juyawa kamar fanka. A waya kuwa ba a magana, ƙaramin gyara kawai za ka iya. Kodin shi ko babu intanet kana rubutawa kana buɗewa a burauza kana ganin aikinka, tsohuwar laftof ma ta wadatar, in waya ce kawai gare ka akwai irin su Acode a Android, da wahala dai amma ana yi.

Ga kuma batun kuɗi. Tsare-tsaren biya na Wix da Squarespace da kuɗin waje ne kuma duk wata ko duk shekara, dala na tashi kuɗin shafinka na tashi, kuma ba kowane katin naira ke wucewa ba. In WordPress na kanka ne za ka iya sayen hostin da domen, wato sunan adireshin shafinka, a wurin kamfanonin gida ka biya da naira, domen mai .ng ko .com.ng hukumar NiRA ce ke kula da shi ta hannun dillalan da ta amince da su. In kuma da hannu ka rubuta shafin, GitHub Pages da Netlify za su ɗora maka kyauta.

Mataki na 4: kafin ka shiga nemi ƙofar fita

Wannan shi ne wanda na fi so ka riƙe. Shafin da ka gina a Wix ba ya ɗaukuwa, ba za ka iya tattara shi ka kai wani hostin ba, ranar da ka gaji sai dai ka sake gini daga tushe. Gidan haya ne, ka yi fenti ka sa tayil amma ba ka tafiya da bango. WordPress na kanka da fayilolin da ka rubuta da hannu kuwa naka ne, ka kwashe ka kai inda ka ga dama. Ba wai haya laifi ba ne, in shafi mai fuska huɗu ko biyar ne ba wata asara, amma in kana shirin zuba rubutu ɗari biyar toh ka yi tunani tun yanzu. Kuma ko wa zai gina maka, domen ɗin a saya da sunanka da imel ɗinka, kar ka yarda a ce "bari in saya maka a akawun ɗina", da yawa sun yi kuka a kan wannan.

Mataki na 5: gwada duka biyun a ƙarshen mako ɗaya

Kar ka yi wata guda kana kallon bidiyon kwatance. Ranar Asabar buɗe Google Sites ko Wix na kyauta ka haɗa shafi ɗaya: suna, hoto ɗaya, gajeren bayani, lambar waya. Ranar Lahadi buɗe folda a kwamfuta, ƙirƙiri fayil mai suna index.html a VS Code, ka rubuta <h1>Barka da zuwa</h1> sai a ƙasa <p>Muna sayar da ƙosai da kunu</p> ka adana ka danna shi sau biyu. Zai buɗe a burauza, fari fat da baƙin rubutu, ba kyau ko kaɗan, amma kai ka yi shi. Daga nan ka nemi yadda ake canza kalar rubutun da CSS, W3Schools da MDN da freeCodeCamp duk kyauta suke koyarwa.

Bari in ba ka labarin abin da ya same ni a nan. Shafina na farko a kwamfutata lafiya lau, da na ɗora shi a intanet sai na ga duk inda na rubuta ƙ ya koma Æ™, ƙosai ya zama wani abu da ko ni ban iya karantawa, na kwana ina zargin hostin ɗin ashe layi ɗaya na manta a saman fayil, <meta charset="UTF-8">. Ka sa shi, ka kuma sa lang="ha" a cikin tag ɗin html don burauza ta san Hausa ce. Masu ja-ka-ajiye ma ba su tsira ba, wasu salon haruffan ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai ka ga harafin ya fito daban da 'yan uwansa ko ya zama ɗan akwati. Don haka duk tamfilet ɗin da ya burge ka fara rubuta "ɓarawo ya ɗauki ƙwarya" ka gani kafin ka ƙaunace shi.

Abin da za ka lura da shi a kwana biyun nan ba wanne ya fi kyau ba ne, na Asabar zai fi kyau ko tantama babu. Ka lura da kanka. Da abu ya ƙi aiki ranar Lahadi, haushi ka ji ka rufe laftof, ko kuwa ka kasa tashi sai ka gano dalili? In na biyun ne toh kana da jinin kodin.

Mataki na 6: yanke hukunci ka wuce

Ni dai ra'ayina, mai kasuwancin da ke sauri ya ɗauki ja-ka-ajiye, in rubutu ne zalla Blogger ya isa, in kuma akwai niyyar sayar da kaya ta shafin WordPress da WooCommerce, wato manhajar da ke mayar da shi shago, ya fi, don Paystack da Flutterwave masu karɓar maka kuɗi ta intanet duk suna haɗuwa da shi. Mai neman sana'a ya fara da HTML da CSS, ya bar JavaScript sai hannunsa ya faɗa, kar ya yi tsalle zuwa React, wani kayan aikin JavaScript, don ya ji ana ta ambatonsa.

Amma ko ja-ka-ajiye ka zaɓa ka daure ka ba HTML da CSS ko sati biyu ne, don wata rana sai wani maɓalli ya karkace a waya, ka duba saitin kaf ba inda za ka gyara, alhali layi biyu na CSS ne maganinsa. Kuma ka saba da danna Ctrl+U ko F12 a kan shafukan da suka burge ka, za ka ga kodin ɗin da ke ƙarƙashi, har na wanda aka ja aka ajiye.

Da ka gama shafin, tura adireshin zuwa wayar wani a gidanku, ƙaramar Android mai ɗan tsufa, a kashe wayfay a buɗe da data. Yawancin masu ziyartarka da irin wannan wayar za su zo, in ya buɗe da wuri kuma rubutun bai fita gefen allo ba sai ka fara raba wa mutane.