Yadda ake rainon 'yan tsaki a makonni 3 na farko

Yawancin masu fara kiwon kaji ba cuta ce ke fara karya su ba, sanyin dare ne da hayaƙin gawayi. Mutum ya sayo kwali biyu na 'yan tsakin burola, wato kajin nama, kafin sati ya zagayo ya kwashe gawa 20, sai ya ce kamfani ya sayar masa da marasa lafiya. Wani lokaci haka ne, amma sau da yawa laifin yana ɗakin raino. Ba zan tsaya kan ginin ɗaki ba, na ɗauka kana da wurin da ruwan sama da ɓera ba sa shiga.

Ka fara shiri tun saura mako 2 su iso. A share ɗakin, a wanke da omo, a fesa Izal, a bar shi ya bushe ya huta. Sannan ka shimfiɗa ɓawon katako, wanda injin fere katako ke fitarwa, kaurin yatsu huɗu. Kada ka karɓi garin katako mai laushi ko da kyauta aka ba ka, domin tsaki na tsattsage shi a zaton abinci ne ya toshe masa ciki. Ƙaiƙayin shinkafa ma yana yi idan ya bushe sosai. A kan shimfiɗar ka baza tsofaffin jaridu na kwana 3 na farko. Ka kewaye wurin da kwali ko fallen silin a lanƙwashe, ya zama da'ira. Ni ban yarda da raino a wuri mai kusurwa ba, don a nan suke cunkusuwa su danne juna.

Da yawa daga cikin 'yan tsakin da ke zuwa Arewa daga Ibadan ake ɗauko su, sun kwana a mota, sun galabaita. Saboda haka ruwa ne farko, ba abinci ba. Ka dama gulukos da bitamin a ruwa mai tsabta, ka tsoma bakin kaɗan daga cikinsu, sauran za su kwaikwaya. Bayan kamar awa 2 sai ka barbaɗa sitata, wato abincin farko na 'yan tsaki, a kan jaridar. Washegari ka ɗauki guda 10 ka taɓa jakar abincin da ke ƙasan wuyansu. Idan ka ji ta cike da laushi, sun ci sun sha. Idan da tauri, ruwa bai ishe su ba, ƙara mazubi.

Yanzu ga inda ake yin asarar. Tsaki ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa sai gashinsa ya fito, don haka a makon farko yana bukatar zafi tsakanin digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Celsius, a riƙa ragewa da kamar digiri 3 kowane mako. Kwan lantarki ba abin dogaro ba ne ga wanda ya san halin wutarmu, gas kuma kuɗi ne, shi ya sa yawancinmu gawayi muke amfani da shi. To, ba a hura gawayi a cikin ɗakin. A waje za ka hura, ka jira hayaƙi ya ƙare, garwashi ya yi ja, sannan ka zuba a tukunyar ƙasa ka shigo da ita. Ka ɗora ta a kan bulo, ka kewaye da waya don kada su faɗa ciki ko shimfiɗar ta kama. Kuma tun kafin motar ta iso da awanni za a ɗumama ɗakin, saboda ƙasa mai sanyi ta tafin ƙafa take kama su.

Da hunturu mutane kan naɗe tagogi da leda ruf, ko kafar allura babu. Garwashi na cinye iskar ɗaki, yana kuma fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari. Da safe a tarar da su kwance, babu alamar ciwo. Ka bar tazarar tafin hannu a saman ledar ta kowane ɓangare. Idan ka zauna a ciki minti 10 ka ji kanka ya yi nauyi, su da ke ƙasa sun fi ka jin jiki.

Ba sai ka sayi ma'aunin zafi ba, su da kansu za su gaya maka. In sun taru sun hau kan juna a gindin tukunya suna kuka mai ƙarfi, sanyi ne. In sun gudu gefe, baki a buɗe, fiffike a sake, zafi ya yi yawa. In duk sun koma ɓangare ɗaya, iska na shigowa ta wata kafa, nemo ta. In sun bazu, wasu na ci wasu na barci, koma ka kwanta. Amma ka saita ƙararrawar waya, don tsakanin ƙarfe 2 na dare zuwa asuba ne garwashi ke mutuwa, kuma lokacin ne sanyi ya fi tsanani. Wanda ba zai iya tashin dare na kwana 10 ba, gara ya ƙara kuɗi ya sayi waɗanda aka riga aka raina. Da bazara kuwa, a Kano ko Sakkwato, da rana fitar da tukunyar ake yi gaba ɗaya.

Rigakafi biyu ne ba a wasa da su, na cutar Gumboro, da kuma Lasota, wanda shi ne na cutar Newcastle mai murɗe wuya. Ranakun sun ɗan bambanta, bi jadawalin da kamfanin ƙyanƙyasa ko likitan dabbobi ya ba ka. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato na yin su, akwai kuma na waje. Ko wanne ka saya, ka je da fulas da ƙanƙara, kuma ka guji shagon da firjinsa ya kwana babu wuta. Da sassafe ka janye musu ruwa na awa 1 zuwa 2, sannan ka haɗa rigakafin da ruwan rijiya ko na burtsatse, ban da na famfo mai sinadarin kulorin, ka ɗan zuba madarar gari. Su shanye cikin awa 2. Abin da ya rage ba a ajiye shi don gobe, kuma ba a yi wa marasa lafiya rigakafi.

Daga mako na 3 sai faɗaɗa wuri da kwashe duk inda shimfiɗa ta jiƙe, don daga nan kashin jini ke tasowa. Ka ajiye ruwan Izal na tsoma ƙafa a bakin ƙofa da silifas na ɗakin kaɗai. Kajin gida da zabi kada su raɓi wurin, dillalin kaji kuma ya tsaya a waje, kejinsa ya zaga gonaki da yawa kafin ya zo naka. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi, in kuma suka fara zubewa da yawa a yini ɗaya, ka ɗauki gawa biyu a leda ka kai wa likita kafin ka sayi kowane magani.