Yadda ake kulle bindiga a gida, da abin da ake jayayya a kai a Amurka

A ranar 30 ga Nuwamba 2021, wani yaro ɗan shekara 15 ya kashe ɗalibai huɗu a makarantar sakandare ta Oxford da ke jihar Michigan, da ƙaramar bindigar da mahaifinsa ya saya kwana huɗu kafin nan. An ba mahaifin kwaɗon kulle ta, amma ba a taɓa cire shi daga ledarsa ba. A 2024 kotu ta ɗaure iyayen biyu shekara 10 zuwa 15, kuma a watan Fabrairun shekarar dokar jihar ta fara aiki: duk gidan da yaro ke zaune ko zai iya shiga, dole a kulle bindigar da ba kowa kusa da ita a cikin akwati, ko kuma a cire harsashi a sa mata kwaɗo.

Masu adawa da irin wannan doka suna cewa idan ɓarawo ya fasa ƙofa da tsakar dare, ba lokacin neman makulli. Suna kuma kafa hujja da shari'ar Heller ta 2008, inda Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar birnin Washington da ta tilasta a wargaza ko a kulle bindiga ko da yaushe. Damuwarsu ba shirme ba ce, sai dai maganinta yana wurin zaɓen akwatin da ya dace.

A fara da cire harsashi, domin nan aka fi yin kuskure. A juya bakin bindigar inda ba mutum ko da a bayan bango ne, yatsa nesa da kunama. A zare gidan harsashi tukuna, sannan a ja saman bindigar baya don wanda aka riga aka ɗana ya faɗo. Wanda ya juya wannan tsari, ya ja saman kafin ya zare gidan, to ya fitar da harsashi ɗaya ne ya ɗana wani a madadinsa, kuma zai ajiye ta yana ganin babu komai ciki. A riƙe saman a buɗe, a leƙa ramin da harsashi ke zama da ido, a taɓa da yatsa.

Kwaɗo iri biyu ne aka fi samu. Mai waya ana zura shi ta inda gidan harsashi ke shiga, ya fito ta inda kwanso ke faɗowa, don haka bindigar ba za ta rufu ba balle ta tashi. Wata dokar tarayya ta 2005 ta wajabta wa dillalai masu lasisi su haɗa wa mai sayen ƙaramar bindiga abin kullewa, shirin Project ChildSafe kuma yana raba wannan kwaɗo kyauta ta hannun 'yan sanda. Yana tsare ƙaramin yaro, amma matashi mai almakashin ƙarfe zai datse shi. Na biyun shi ne wanda ake maƙalawa a kan kunama. Kada a taɓa sa shi a bindiga mai harsashi, domin wurin ɗaurawa ko girgizawa yana iya danna kunamar.

Mai ajiye bindiga don tsaron gida, ƙaramin akwatin ƙarfe mai lambobi ya kamace shi, wanda ke buɗewa cikin daƙiƙa kaɗan. Mun fi amincewa da mai maɓallan da ba sa buƙatar batir. Mai karanta zanen yatsa yana ƙin buɗewa idan hannu ya jiƙe ko ya yi maiƙo, batirinsa kuma yana mutuwa shiru. Ranar da aka saya a canja lambar kamfani, kada a sa ranar haihuwar kowa a gidan. A ɗaure akwatin da noti a daɓe ko a bango, in ba haka ba ɓarawo zai rungume shi ya tafi ya fasa a tsanake.  A gwada buɗewa cikin duhu, bindigar babu harsashi, har hannu ya saba.

Harsasai a kulle su a wani wuri dabam. Makulli ya zauna a jikin mai shi, domin yara sun san saman kabad da ƙarƙashin katifa fiye da yadda iyaye ke zato. A jefa ƙunshin tsotse danshi a akwatin saboda tsatsa.

Akwai lokacin da kwaɗo bai isa ba. Fiye da rabin mutanen da bindiga ke kashewa a Amurka su ne suka kashe kansu, kuma sau da yawa tunanin yana zuwa ne ya wuce cikin ɗan lokaci. Idan wani a gidan ya shiga matsanancin ƙunci, ko tsufa ya fara taɓa tunaninsa, a fitar da bindigar gaba ɗaya, a kai ajiya wurin dillali mai lasisi ko ofishin 'yan sandan da ke karɓa. A kira su kafin a je, a kuma tambayi abin da dokar jihar ta ce kan miƙa bindiga ga ɗan'uwa, domin wasu jihohin suna buƙatar binciken mai karɓa.