Yadda ake karanta wawa a tsofaffin littattafai

In ka ci karo da wawa a tsohon littafi kar ka yi saurin dariya, duba wa yake yi wa magana tukuna. A wasan King Lear na Shakespeare, sarki ya raba ƙasa wa 'ya'yansa mata biyu ya yi watsi da autar, bafadensa Kent ya faɗa masa gaskiya aka kore shi, amma wawan sarki ya dinga maimaita maganar nan cikin waƙa da habaici, iyakaci a ce za a zane shi da bulala. To duk waƙar da ya rera ka koma ka sake karanta ta a hankali, wallahi nan naman yake.

Sannan ka bambance mai wauta da gangan da wanda kansa ya juye. Don Quixote na littafin Cervantes, marubucin ƙasar Sifen (1605), karatun labaran jarumai ne ya ruɗa shi har yake ganin injinan niƙa na iska ƙattai ne, ni dai tausayi yake ba ni.

In kuma Wauta ce da kanta take yabon kanta kamar a littafin Erasmus, wani malami ɗan ƙasar Holland, na 1511, ɗauki biro ka rubuta waɗanda take cewa mutanenta ne, za ka ga malaman coci da sarakuna a ciki.